Ranar da Kawu Ya Ba Dodo Gaskiya

Mu huɗu ne a cikin wannan al'amari. Na farko kawuna, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina ƙaramar lakwal, wato firamare. Manomi ne, kuma shi ne mutumin da mai garinmu yake aikawa duk lokacin da mutum biyu suka sami saɓani a kan iyakar gona, a ƙauyenmu da ke ƙasar Dungas. Ta biyu kakata, wadda ta haife shi ta kuma haifi mahaifiyata. Mai gida take kirana, kamar yadda kakanni mata suke tsokanar jikokinsu, kuma ta sha faɗa mini cewa a cikin mazajenta ni ne mafi ƙarancin amfani. Ta uku 'yar kawun, taubashiyata, mai suyar ƙuli-ƙuli, wadda tun muna yara ba ta taɓa kirana da komai ba sai bawana, domin ita 'yar namiji ce, ni ɗan mace. Na huɗu ni ne, a shekarar da na dawo gida da takardar lisansi, wato digirin farko, a fannin harshe da adabi, ina jiran a kira ni aiki, ba a kira ni ba.

A cikin wannan zaman jira na je Magarya wajen wani abokin karatuna, na tarar da shi da ƙannensa suna kallon wani fim na Turawa da aka juya zuwa Faransanci. Labarin wasu abokan tafiya ne da suka fita neman wani abu mai daraja a ƙasar dodanni da tsafi, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya iya aikinsa. Maharbiyarsu ba ta gani daga nesa, mai maganinsu suma yake yi idan ya ga jini, shugabansu kuwa duk dabarar da ya ƙulla sai ta warware a hannunsa. 'Yan ɗakin suna ta dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi dariya ba. Na zaro biro na fara rubuta kurakuran shirin a bayan wata takarda, domin a ganina an sami ƙasa mai kyau da dodanni masu kwarjini, an ɓata su da sakarci.

Da aka gama, abokin nawa ya bayyana mini cewa daga wani wasa aka ɗauko fim ɗin. Mutane ne suke zama kewaye da tebur, ɗaya ya riƙe labarin, shi ne idonsu da kunnensu a cikin ƙasar da ya ƙirƙira, sauran kowa ya ɗauki mutum ɗaya ya zama shi, ya faɗi abin da zai yi. Idan abin mai wuya ne sai a jefa ɗan lido, ƙwayar nan mai ɗigo ɗaya zuwa shida, abin da ya nuna shi ne hukunci. Ina jin haka na ga aikin da aka haife ni domin shi. A kan kabu-kabu, tun kafin mu iso gida, na riga na yanke shawarar cewa zan shirya wannan wasa da Hausa tsantsa, ba tare da ko ɗaya daga cikin shiriritar da na gani ba.

Wata biyu na yi ina rubutu a cikin wani littafin rubutu mai kauri, wanda kowa a gidanmu yake kira kaye. Na zana ƙasa mai duwatsu da koguna. Na kafa birni mai ƙofa bakwai, na rubuta tarihinsa tun daga sarki na farko. Na ajiye wani dodo a bakin rijiyar da birnin yake sha, ya hana kowa ɗiban ruwa. A ƙarshen littafin kuma na rubuta yaƙin da za a kashe dodon, shafi tara cur, da tsofaffin kalmomin yaƙi goma sha bakwai da na bi dattawa na tattaro, na tabbatar da kowace a bakin mutum biyu. Ban taɓa rubuta abin da ya kai waɗannan shafuka ba, kuma na san wanda na rubuta dominsa. Tun dawowata Kawu ya yi mini tambaya ɗaya, sau ɗaya, yana gyaran ƙotar hauya: "Shekara uku a jami'a, me aka koya maka da zan iya gani da ido ko in ji da kunne?" Na ba shi amsa mai tsawo a lokacin, ya ce to, ya ci gaba da aikinsa. Burina shi ne in karanta masa shafukan nan tara, in ga ya ajiye abin da ke hannunsa.

Ƙarshen bazara ne, lokacin da ake ɓarar gyaɗar iri kafin ruwan farko. Kullum bayan la'asar su ukun suna zama a ƙarƙashin bedin tsakar gida, da buhu da ƙwarya, hannu yana aiki, kunne ba ya komai. Na gabatar da buƙatata a tsaye, cikin jimloli da na shirya tun da safe.

"Tatsuniya da rana, mai gida?" in ji Kaka. "So kake mu ɓata a kasuwa?"

Na yi mata bayani cewa ba tatsuniya ba ce, domin a tatsuniya mai sauraro ba ya da ta cewa, a nan kuwa su ne za su tafi da labarin.

"To, mu za mu yi maka aikin ke nan," in ji taubashiyata. "Bawa ya zauna, iyayen gida su yi noma."

Kawu ya ce ya yarda bisa sharaɗi biyu: hannu ba zai tsaya ba, kuma ranar da ruwa ya sauka an tashi, ko an kai ƙarshe ko ba a kai ba. Amma da na fito da ɗan lidon da na aro a Magarya, sai fuskarsa ta canza. Ya ce wannan abin 'yan caca ba zai taɓa tabarmarsa ba. Na yi bayani, bai saurara ba. Kaka ce ta raba mu. Ta sa aka kawo karan dawa, aka yanka guntaye uku, aka tsaga kowane gida biyu, suka zama shida. A watsa su a ƙasa, a ƙirga waɗanda suka faɗi farin cikinsu yana sama. Kawu ya juya su a tafin hannunsa ya ce wannan ƙuri'a ce irin wadda ake yi a rabon naman watanda, babu laifi.

Daga nan na kafa doka, da muryar da nake jin ta dace da mai riƙe da ƙasa guda a hannunsa. Na ce duk abin da na karanta daga littafin nan ya zauna, duk abin da kara ya yanke ya yanku, ko ni kaina ba ni da ikon sake shi. Na sa su uku suka amsa. Sannan na karanta musu tarihin birnin, wanda babu wanda ya nema, tun daga farkonsa. Akwai wata jimla a ciki da nake alfahari da ita ƙwarai, har na maimaita ta sau biyu: cewa tun kafin a sare itace ɗaya a wannan wuri, tun kafin sarki na farko ya kafa bukkarsa, dodon yana nan, shi ya haƙa rijiyar da faratansa, shi ya share dajin da ke kewaye da ita da wutar bakinsa. Na rubuta ta ne domin dodon ya yi kwarjini. Kawu bai ɗago kai ba. Na ɗauka bai ji ba.

Rabon mutane ya ci sauran yammacin. Na ba Kawu jarumi mai takobi, ya tambaya ko takobin nasa ne ko na aro. Na ba Kaka mai magani, ta ce ta karɓa in dai ba bokanya ba ce. Taubashiyata ta nemi a ba ta ɓarauniya, Kawu ya ce ba a gidansa ba, sai ta zama maharbiya, ta ce amma za ta tafi da tiren ƙuli-ƙulinta. A tsarina, cikin minti goma ya kamata su fita daga birni. Kawu ya ce ba a yin tafiya ba sallama. Ya je ya yi wa sarki ban kwana, ya tambayi wanda zai riƙa ba jakinsa ruwa, ya tambaya ko jarumin yana da iyali, da na ce ban rubuta ba, ya ce to a rubuta. Aka kira magariba suna bakin ƙofar birni.

A rana ta biyu na tare musu hanya da 'yan fashi shida, domin su ɗan saba da faɗa kafin babban yaƙi. Na kwatanta su da kyau, da rawunansu da wuƙaƙensu. Na dubi Kawu na ce, "Jarumi, me za ka yi?"

Kaka ta riga shi. "Tambaye su 'ya'yan wane ne."

Na ce 'yan fashi ne, ba su da tarihi a littafin.

"Daga sama suka faɗo? Kowa da uwarsa. Ka ce wa babban nasu ya matso in ga fuskarsa."

Doka ta tilasta mini in yi magana da bakin ɗan fashin. Na yi ƙoƙarin sa masa murya mai ban tsoro, taubashiyata ta ce muryar ta yi kama da ta rago mai mura. Kaka ta yi masa faɗa mai tsawo a kan halin da ya jefa mahaifiyarsa. Na ce sai kara huɗu sun yi fari kafin faɗan ya kama shi. Ta watsa, biyar suka yi fari. 'Yan fashina shida suka zauna a gefen hanya suna sunkuyar da kai, maharbiya ta sayar musu da ƙuli-ƙuli. Su ukun suka yi ta dariya, irin dariyar da na ji a ɗakin abokina a Magarya, ni kuwa ina duba littafi ina neman inda na yi kuskure. Da muka tashi, Kawu ya dubi gabas, inda hadari ya fara taruwa, ya ce, "Gobe ka kai mu wurin dodon nan. Jibi ba na jin za mu zauna."

Saboda haka a rana ta uku na tsallake kogi biyu da wani daji da na yi mako guda ina rubutawa, na ajiye su a bakin rijiya. Na kwatanta dodon yana kwance, jelarsa ta kewaye rijiyar sau uku, hayaƙi yana fita daga hancinsa. Yatsana yana kan shafin farko na yaƙin. Abin da ya rage kawai jarumi ya zare takobi.

"Jarumi, ga shi a gabanka. Me za ka yi?"

Kawu ya jefa ƙwayar gyaɗa a ƙwarya ya ce, "Salamu alaikum."

Na duba shafin yaƙin, babu sallama a ciki.

"Ba ya amsa sallama ne?" in ji Kawu.

Na amsa da bakin dodo, ba da son raina ba. Kawu ya gaishe shi, ya tambaye shi gajiya, ya tambaye shi zafi. Sannan ya gyara zama, ya tanƙwashe ƙafa, na ga ya koma mutumin da nake gani a bakin gonaki idan mai gari ya aike shi.

"An ce ka hana mutane ruwa. Ban zo da faɗa ba, na zo in ji daga bakinka. Wa ya haƙa rijiyar nan?"

Na ce Kawu, wannan ba ya cikin abin da ake tambaya a nan.

"Da dodo nake magana. Kai ɗan nan, buɗe kayenka, shekaranjiya ka karanta mana, har sau biyu. Wa ya haƙa?"

Na buɗe, ko da yake na san jimlar da ka. Na ce dodon ne.

"Wa ya share dajin?"

Na ce shi ne.

"Da sarki na farko ya zo, ya same shi ko shi ya sami sarki?"

Na ce ya same shi.

"Ya nemi izninsa? An ba shi wani abu? Ko dami ɗaya a shekara, na shaida cewa wurin nasa ne?"

Na juya shafuka, gaba da baya. Na rubuta sunayen sarakuna goma sha ɗaya da tsawon mulkin kowane, amma ban rubuta wannan ba. Na ce babu.

Kawu ya dubi mahaifiyarsa, ta dube shi. Ya ce, "Ashe aron wuri suka yi suka manta da mai shi. Wanda ya fara sare daji shi ke da ƙasa, ko a gaban wa aka je. Wannan bawan Allah haƙuri ya yi da su shekara da shekaru. Mu aka aiko mu kashe mai gona saboda 'yan aro sun yi yawa."

"Ni dama tun da aka ce yana kwance shi kaɗai na ji tausayinsa," in ji Kaka. "Ba mata, ba 'ya'ya. Kamar wani da na sani."

"Har hayaƙin hancin," in ji taubashiyata. "Dubi bawana yanzu."

Na yi ƙoƙarin ceto abin da ya saura. Na ce dodo ba ya jin magana, dabba ce mai fushi, tana iya kai musu hari a kowane lokaci. Kawu ya ce wanda ya amsa sallama yana jin magana. Ya ce zai yi masa tayin sulhu: ya buɗe rijiya, birni kuma ya amsa cewa wurin nasa ne, kowane gida ya kai masa damin gero ɗaya bayan girbi, a kuma dasa gamba a kan iyaka domin kada jikoki su sake mantawa. Na ce wannan abu ne mai wuyar gaske, sai kara shida duka sun yi fari. Na riga na yi lissafi a zuciyata cewa sau ɗaya ne cikin sittin da huɗu hakan yake faruwa. Abin da ban sani ba, wanda su ukun suka sani tun suna yara, shi ne tsagaggen kara ya fi son faɗuwa a kan bayansa, musamman a hannun wanda ya iya sakinsa. Kawu ya tattara karan ya miƙa wa Kaka. Ta goge hannunta a zane, ta sake su ƙasa-ƙasa, kamar mai zuba wa kaji tsaba. Shida suka kwanta, fari yana sama.

Ni na kafa dokar, ni na sa aka amsa.

"To, dodo, me ka ce?" in ji Kawu.

Da bakina, da muryar ragon nan mai mura, dodon da na yi wata biyu ina ginawa ya ce ya yarda, ya kuma gode. Kaka ta sa ya yi alkawarin zai nemi mata. Suka koma birni, Kawu ya tsaya a gaban sarki, wanda shi ma ni ne, ya yi masa bayani cikin ladabi cewa kakanninsa sun yi kuskure. Sarki ya nemi ya yi gardama, Kawu ya ce a buɗe kaye. Sarki ya yarda.

Iska ta taso a lokacin, mai sanyi, da ƙamshin ƙasa. Taubashiyata ta fara tattara ƙore, Kaka ta miƙe tana dafa bedi. Na ce su dakata, akwai shafi tara da ban karanta ba, ko ba a yi yaƙin ba zan so su ji yadda aka rubuta shi.

"Yaƙin wa da wa?" in ji Kawu.

Na ce na jarumi da dodo.

"Mutanen da suka riga suka sasanta? Kada ka tayar da maganar da ta mutu, ɗan nan. Ba kyau." Ya ɗaure bakin buhu, ya ɗaga shi a kafaɗa, sannan ya tsaya. "Amma tarihin nan ka rubuta shi da kyau. Ba don ka rubuta wanda ya riga wani ba, da an zalunci mai gaskiya. Ranar Asabar akwai maganar iyaka a wajen Dogo-Dogo, tsakanin surukaina da maƙwabcinsu. Ka zo da kayenka da bironka. Ka rubuta abin da dattawa suka faɗa, yadda suka faɗe shi."

Na fara shirya jimlar godiya.

"Rubutu kawai," in ji shi. "Ba a ce ka yi magana ba."

Ruwan ya sauko kafin in kai ɗaki. Washegari kowa yana gona, har da ni, ina bin bayan taubashiyata ina rufe ramin shuka da ƙafa, tana gaya wa duk wanda ya wuce cewa dodo ne yake taya ta aiki. Na je maganar iyakar ranar Asabar, na rubuta, ban yi magana ba, kuma tun daga lokacin Kawu bai sake zuwa irin wannan zama ba tare da ni ba. Shafukan yaƙin suna nan a cikin littafin, bayansu kuma bayanan iyakokin gonaki ne. Kawu bai taɓa tambayar abin da ke cikin shafukan nan tara ba.

Abin da aka rasa: wata biyu na rubutu, kogi biyu, daji ɗaya, 'yan fashi shida, takobi ɗaya da ba a zare ba, kalmomi goma sha bakwai da ba a ji ba, shafi tara.